Takalmin Ƙarfe a Ƙarƙashin Rumbu

Zuwa ga Gwaggo Kande,

Salamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da ita kafin a gama yankan gero, don bayan nan ba ta da sauran amfani a gare ni. In kin ga layukana sun karkace ki yi haƙuri. Ban yi makaranta da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fara leƙo mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da matar malamin makarantarmu ta buɗe wa matan aure a gidanta, nan Kurfi. Ban ba kowa wasiƙar nan ya duba mini ba, don maganar ta cikin gida ce. Ba na tsoron a gane ni a jarida. Surukina ba ya karanta boko, maigidana kuwa in ya ɗauki jarida farashin gyaɗa kawai yake dubawa ya ajiye.

Maganar a kan babban yaron gidanmu ce. Ba zan rubuta sunansa ba, kin san dalili, ɗan fari ne. Na zaci a takarda abin zai zo da sauƙi, na gwada, harafin farko kaɗai na yi na goge. Bana ya gama sakandare a Katsina. An yi masa hanyar aikin akawu a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, na Dutsin-Ma, da kujera da alƙalami, har ana maganar keke. Shi kuwa ya ce ba nan zuciyarsa take ba. Ikko yake so ya tafi, ya koyi aikin nan na asibiti da wasu ke ce wa gashin ƙashi, wasu su ce motsa gaɓoɓi. Sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina. Makarantar ta karɓe shi, amsa suke jira kafin kaka ta wuce.

Bari in koma baya, don ki san inda ya samo abin. Autata Ma'u tana da shekara uku zazzaɓi ya kwantar da ita da damina. Da zazzaɓin ya sauka sai ƙafarta ta hagu ta ƙi tashi, ta yi laƙwas kamar tsumma. Kowa ya gani ya ce shan inna ne. Mahaifin maigidana, wanda muke ce wa Baba, maɗori ne a Birchi, gadon gidansu ne tun kakanni. Daga Kuki, daga Rawayau, har daga bayan Dutsin-Ma ana kawo masa masu karaya a kan jaki, su koma da ƙafafunsu. Ya zo ya lalubi ƙafar Ma'u tun daga cinya har yatsu, ya faɗi gaskiya, ya ce babu karaya babu targaɗe, babu abin da zai ɗora. Amma jikarsa ce, zuciyarsa ba ta bar shi ya tafi haka ba. Ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya jera kara ya ɗaure, ya ce kada a bari ta motsa. Da aka kwance, ƙafar tana nan yadda take, gwiwar ma ta fara sandarewa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, Allah ya sani. Abin da ya sani ya yi.

Abu ɗaya dai na lura da shi. Da can in ya zo, tun daga ƙofar gida yake kiran Ma'u amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Ya ce ina amaryar nan malalaciya da ba ta kawo wa miji ruwa, ita kuma ta ruga da gudu ta ja masa gemu ta ce ta fasa auren tsoho. Tun ranar da aka kwance ƙafar nan bai sake yi mata wannan wasa ba. Yakan shafa kanta, ya ba ta alewa, shi ke nan.

Haka Ma'u ta yi ta jan gindi a tsakar gida har wajen shekara uku. Bara ne na kai ta ɗakin magani na Dutsin-Ma saboda tari, sai malamin asibitin ya dubi ƙafar ya ce me ya hana mu gwada asibitin ƙashi na Kano. Maigida lokacin sayen hatsi ne, ba ya iya barin kasuwa, sai ya ce yaron nan ya raka mu tun da yana hutu, kuma yana jin Turanci. Gwaggo, ki duba wannan tafiya! Ni da ɗan fari a bayan babbar mota ɗaya, daga Dutsin-Ma mu bi ta Kankiya har Kano. Na zauna wannan kusurwa, ya zauna waccan. Duk abin da nake so in faɗa masa sai in gaya wa Ma'u ta gaya wa yayanta, ko da kuwa yana jina sarai. Dama haka muke yi a gida tun da ta iya magana, ita ce 'yar aikena. Ko abinci ne, ita nake cewa ta gaya masa yana kan murhu.

A asibitin an kai mu wurin wata ma'aikaciya 'yar Kudu, mai fararen kaya, Hausarta irin ta kasuwa ce. Da ta ga ban ko dubi inda yaron yake ba, sai ta tambaye shi ko hayarsa na yi ya yi mini tafinta. Da ya yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ja gyale na rufe fuska.

Ɗakin aikinta ban taɓa ganin irinsa ba. Babu allura, babu kwalaben magani. Shimfiɗu ne a ƙasa, da wasu dogayen ƙarafa biyu a jere da yara ke kamawa su bi ta tsakani, da ƙwallaye, da wani babban kwano na ruwan ɗumi. Yara cike, wani na kuka, wani na ƙyalƙyala dariya. Matar nan ta gasa gwiwar Ma'u, ta riƙa miƙe ta kaɗan kaɗan, kullum ta ƙara a kan na jiya. Ta sa tafin hannunta a ƙafar ta ce Ma'u ta ture ta. In ta ɗan motsa sai matar ta faɗi da baya da gangan kamar an harbe ta, Ma'u ta yi ta dariya tana neman a sake. Ni da farko na ce a raina, mun baro Kurfi don a yi wasa da yarinya? Ashe wasan shi ne aikin. Mun zauna gidan wani ɗan'uwan maigida 'yan makonni muna zuwa kullum. Daga baya aka auna ƙafar, aka yi mata takalmi mai ƙarfe gefe da gefe har cinya, da maɗaurai na fata.

Yaron nan da ba shi da yawan magana, a ɗakin nan bakinsa ya buɗe. Me ya sa nan, me ya sa ba can ba, mene ne sunan wannan jijiya, har matar ta ce ya fi ɗalibai gajiyar da mutum. Ta koya masa abin da za a riƙa yi wa Ma'u, ta koya mini ni ma. Da muka dawo ya sari gwafanni ya kafa a gindin ceɗiyarmu, ya ɗora dogayen sandunan gora biyu a kai, kamar ƙarafan Kano. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce amma wannan wurin shanya gajere ne. Wata ta ce turken maraƙi ne. In yana makaranta ni ke yi mata, da safe bayan koko da kuma bayan la'asar. In ya zo hutu ya karɓe ni.

Gwaggo, yanzu Ma'u tana tafiya. Na rubuta, na tsaya na sake karantawa don daɗi. Da takalminta da sanda ɗaya tana tashi daga ɗaki ta je madafa, ta koma, ta kori kaji daga kan shanya. Tafiyar ba mai kyau ba ce, tana jefa ƙafar gefe, kuma ana jin ƙarar ƙarfen tun daga nesa, har yaran gidan suna ce mata jirgin Funtuwa, wato jirgin ƙasa. Ita ma ta karɓi sunan, in ta taho sai ta yi kukan jirgi. Waje ne dai ba mu fara barinta ta fita ba tukuna.

To ga inda matsalar take. Baba bai taɓa ganin wannan tafiya ba. Duk ranar kasuwar Kurfi yana zuwa, ya shigo cikin gida ya huta. Mu kuma da mun ji kukan jakinsa sai gida ya rikice. A kwance takalmi a tura ƙarƙashin rumbu, a shanya zannuwa a kan gorunan, a zaunar da Ma'u a tabarma a rufe mata ƙafa. Ni na fara wannan tsari, maigida bai hana ba. Ƙafar da hannun Baba ya taɓa, muka ɗauke ta muka kai wa baƙi a Kano ba tare da mun nemi izininsa ba, sannan mu zo mu nuna masa ƙarfe? Ai kamar mun ce masa hannunka ya gaza ke nan. Shi bai taɓa tambaya ba, mu ba mu taɓa faɗa ba. Ma'u kuwa wasa ta ɗauki abin, ita ce ma ke fara ihu a ɓoye jirgi. Ran nan da muka jawo takalmin mun tarar kaza ta yi ƙwai a ciki.

Da maganar Ikko ta taso, gari ya ɗauka. Mutanenmu ba su san wannan aiki ba, tausa suka ɗauke shi. Wani dattijo mai awo, abokin maigida, ya ce a bakin masallaci wai duk wannan boko da yaro ya sha, ashe abin da jikarsa ke yi masa a kan guntun rake zai je ya koyo. Tsofaffi suka fara sallama a zaurenmu, rabi tsokana rabi gaskiya, wannan ya ce bayansa, wannan ya ce ƙugunsa, a zo a taka. Yaron yana dariya yana taka musu. Sai kuma mata biyu daga Rawayau suka ji labari a wurin maƙwabciyata, suka goyo 'ya'yansu suka zo. Ya nuna musu irin abin da muke yi wa Ma'u, amma daga baya ya ce wa Ma'u, a inda zan ji, wai tsoro yake ji, don ƙafafun ba iri ɗaya ba ne, kuma shi ƙafa ɗaya tak aka koya masa a duniya. Wai abin da ya sa yake son tafiya ke nan.

Makon jiya maigida ya gaya wa Baba maganar Ikko. Ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya ce in gaɓoɓin mutane yaro yake so ya taɓa, ga gado nan a Birchi yana jiran mai ɗauka, tun da ɗan da ya haifa in ya ga karyayyen ƙashi jiri ke ɗibarsa. Wannan gaskiya ne, maigidana ko ƙafar akuya ba ya iya kallo. Ya ce in kuma boko ne, to ya riƙe alƙalami kamar 'ya'yan mutane. Amma shi ya ƙare rayuwarsa yana ɗaurewa yana cewa kada a motsa, sannan jikansa ya tafi bakin teku ya koyo kwancewa da motsawa, wannan bai san sunansa ba. Sai ya faɗi wadda ta soke ni. Ya ce me aikin ya yi wa Ma'u? Yarinya ta tafi Kano a zaune, ta dawo a zaune. Ya ce ba zai sa albarka ba.

Na ciji yatsa a bayan ƙofa. Takalmin yana ƙarƙashin rumbu, tsakaninsa da inda Baba yake zaune bai fi tsawon tabarya ba. Amma in na jawo shi yanzu, bayan raina sana'arsa ga kuma laifin mun daɗe muna rufe shi. Kuma wa zai yi maganar? Ni ba na iya ɗaga ido a gaban suruki, balle in buɗe baki in yabi ɗan fari, a ce a Kurfi an sami uwa marar alkunya. Maigida ba ya musu da mahaifinsa, kuma shi ma kunyar ɗan farin tana kansa. Yaron ya ce ba zai taka mota ba sai da albarkar kakansa. Gero kuwa yana ta nuna.

Ni kaina ban gama natsuwa ba. Aikin nan, aiki ne na gaske da mutum zai riƙe iyali da shi? Ba za a hana shi mata a garin nan a ce mai tausa ne ba? In aka kawo masa mace fa, yaya zai yi? Ikko da nisa, ban san abin da suke ci ba. Wani lokaci in ce ko son kaina ne, don na ga amfanin abin a kan 'yata shi ya sa nake so in tura shi, alhali ga kujera da keke a kusa da gida. Ko in ja bakina in bar shi ya zama akawu, a zauna lafiya?

Abu ɗaya zan gaya miki da ban taɓa gaya wa kowa ba. In na leƙo ta taga na gan shi durƙushe a ƙarshen gorunan nan, ya miƙa hannu yana jiran ƙanwarsa ta iso, ba ya gaggawa ba ya tsawa, sai in ji babu uwar da ta kai ni sa'a a ƙasar Katsina. Sai in saki labule kada ya gan ni.

Ki taimake ni, Gwaggo. Allah ya taimake ki.

Taki,
Uwar Mai Jirgi, Kurfi


Uwar Mai Jirgi,

Wa alaikumus salam. Layukanki ba su karkace ba, kuma ki gai da matar malam, ta yi aiki. Na yi dariyar ƙwai a cikin takalmi har abokan aikina suka zo tambaya. Yanzu mu yi magana, tun da gero ba ya jira.

Ki fara kwantar da hankalinki a kan aikin. Na je na tambayi wani likita da na sani kafin in ba ki amsa. Ba tausa ba ce. Karatu ne na shekaru, ana koyon ƙasusuwa da jijiyoyi da naman jiki, wane ne ke jan wane, sannan a yi jarrabawa, a fito ma'aikacin asibiti mai albashinsa kamar sauran. Likita yakan yi nasa ya gama, sauran aikin ya koma hannun irinsu. Yaran shan inna, da waɗanda aka haifa gaɓoɓinsu a ɗaure, da yaron da ya faɗa wuta fatar ta warke ta tattare masa hannu, da wanda aka yi wa ɗori ƙashi ya kama amma gwiwa ta ƙi lanƙwasa, duk nasu ne. Likitan ya ce mini 'yan Arewa da suka san aikin ba su da yawa ko kaɗan. Kin ga matar Kano da Hausarta ta kasuwa abin da ta yi muku. To ki ƙiyasta wanda zai zaunar da matar Rawayau ya yi mata bayani da harshen da ta sha a nono. Zancen mata kuwa, akwai ma'aikata mata a asibiti, kuma lalurar ciwo malamai sun san hukuncinta, maigidanki ya tambayi limaminku. Batun aure ki bar shi. Tsofaffin da ke tsokanarsa a zaure su ne za su fara aiko masa da sunayen jikokinsu.

Amma ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Aikin ba ya raya naman da ya mutu, wanda ya rage yake ƙarfafawa, ya hana gaɓa ƙagewa. Zai ga yaran da zai yi wa iyakar ƙoƙarinsa ba su tashi ba. Aiki ne na mai haƙuri, ba a yi masa kirari, kuma mai yiwuwa ba a kusa da ke za a ajiye shi ba. Akawu ma ba abin kunya ba ne. Sai dai yaron da ya ga ɗakin nan da idonsa, ya durƙusa a ƙarshen gora wata da watanni bai gaji ba, har ya san ya ji tsoron abin da bai sani ba, wannan ba ke kika tura shi ba. Ki sauke wannan zargi daga kanki.

Tsoron nasa kuwa yana kan hanya. Matan Rawayau su daina yi wa 'ya'yansu abin Ma'u, don abin da ya gyara wata ƙafa yana iya ɓata wata. A tura su ɗakin magani na Dutsin-Ma a nuna musu hanyar Kano. Ke ma ki tuna yarinya tana girma, ƙarfe ba ya girma. In takalmin ya fara matsa ta ko yana cin fata, ku koma a sake aunawa.

Yanzu Baba. Ki yi masa adalci, a kan abin da kuka nuna masa bai faɗi kuskure ba. Yarinya a zaune kuke ajiye masa duk mako, a zaune ya gani. Kin yi haka don ladabi, ban kuma raina ladabinki ba, da shi gidaje ke tsayawa. Amma ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Tsohon nan ya daina kiran amaryarsa tun ranar da aka kwance ƙafar. Mai jin haushin an raina sana'arsa ba haka yake yi ba. Wannan mutum ne da bakinsa ya kasa cewa a kawo masa ruwa, don ya san ba za a iya kawowa ba, kuma yana ganin a hannunsa abin ya faru. Kuna tsare masa girma, kun bar shi da wannan nauyi shi kaɗai. Abin da kuke turawa ƙarƙashin rumbu shi ne abin da ya fi bukatar gani a duniya.

Kin tambaya wa zai yi magana. Ba ke ba, ba maigida ba, ba yaron ba. A gidan nan mutum ɗaya ke da izinin jan gemun Baba, kuma ita ce 'yar aikenki tun da ta iya magana. Ki aike ta.

Ki shawarci maigida tukuna, kada ki yi a bayan idonsa. Ranar kasuwa mai zuwa a share tsakar gida, a kwashe duwatsu, a bar gorunan babu zane a kai, a bar takalmi a ƙafar mai shi. Baba ya shigo ya zauna ya huta. Ke kina ɗaki, alkunyarki ba ta taɓu ba. Ki ba Ma'u ruwa a moɗa, rabi kawai, ki ce ta kai wa angonta. Yayanta ya bi ta a baya kusa kusa, amma kada ya riƙe ta. Kada ki koya mata abin da za ta faɗa, jika ta san abin da ake gaya wa kaka. Ruwan zai zube a hanya. Ki bar shi ya zube.

Ranar nan kada kowa ya ambaci Ikko. In Baba ya miƙa hannu zai taɓa ƙafar, a kwance masa maɗauran ya laluba yadda yake so. Maɗori da yatsunsa yake fahimta, kuma yatsun nan sun san yadda ƙafar take a da. In akwai inda fatar takalmin ke gogar ta, a nuna masa a nemi dabararsa, ba don a faranta masa ba, don ya fi ku duka sanin yadda ake ɗaure gaɓa ba a ji mata ciwo ba. In ya tambaya tun yaushe, maigida ya faɗi gaskiya a taƙaice, ya ce kunyarsa ce ta hana ku, ya ba shi haƙuri. Zai iya yin fushi, yana da hakkin yi. Ku ɗauka.

Bayan kwana biyu yaron ya tafi Birchi da ƙafarsa, ya zauna wurin kakansa, ya riƙe masa kara in an kawo mai karaya. Ya tambaye shi abin da yake yi in ya kwance ɗori ya tarar gaɓa ta sandare. Babu maɗorin da bai san wannan damuwa ba. A nan ne zai nuna masa cewa ba kwance aikinsa zai je koyowa ba, daga inda hannun kaka ya tsaya ne na jika zai ɗauka. Sannan ya nemi albarka da bakinsa.

Ba zan yi miki alkawarin Baba zai sauko ba, ban san shi ba sai ta bakinki. In ya ƙi, yaron ya rubuta wa makarantar ya roƙi a ɗaga masa zuwa baɗi, ya ci gaba da lallashi. Ya yi daidai da ya ƙi tafiya babu albarka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke wa yaro hanyar rayuwarsa a kan yarinyar da ke zaune a tabarma, alhali tana korar kaji. In Baba zai hana, ya hana bayan ya gani.

Saura aike ɗaya. In Ma'u ta dawo da moɗa, ki sake tura ta, wannan karon wurin yayanta, ta gaya masa abin da kike ji in kin leƙa ta taga. Ba sai kin kama suna ba, ba sai kin ɗaga labule ba. Zai yi kamar bai ji ba, irin tarbiyyarki ce, amma da shi zai yi guzuri ko ina ya tafi.

Allah ya ƙara wa ƙafar Ma'u ƙarfi, ya sanyaya zuciyar Baba, ya zaɓa wa yaronki abin da ya fi alheri, ya kuma ba ku gero mai albarka. Ki shafa mini kan jirgin Funtuwa, ki ce Gwaggo ta ce ranar nan ta yi kukan jirgi da ƙarfi, kakanta ya ji tahowarta tun daga bakin ɗaki.

Gwaggo Kande